Chen Shui-bian, Lauyan da Kotun Soja Ta Jefa Cikin Siyasar Taiwan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da ɗalibai, barkanmu da wannan zama.

Da yawanmu a nan Taiwan muna jin abokan karatu da abokan ciniki suna gardamar "kore" da "shuɗi", ba mu san mafarinta ba. Kore ita ce jam'iyyar DPP, wadda ta taso daga 'yan adawa, da masu ra'ayinta, shuɗi kuwa KMT, jam'iyyar da ta mulki tsibirin a zamanin dokar soja. Wanda ya bi sawun Chen Shui-bian, tsohon shugaban ƙasar Taiwan da mutanen nan ke kira A-bian, zai gane inda gardamar ta samo tushe.

An haife shi a 1950 a Guantian, yankin Tainan, gidan talakawa masu noma gonar haya. A 1969 ya shiga Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, sashen kasuwanci. Jawabin wani ɗan adawa mai neman kujerar majalisa, Huang Hsin-chieh, ya sauya masa tunani, ya sake zana jarrabawar shiga jami'a, ya koma fannin shari'a a 1970. Yana aji uku, a 1973, ya ci jarrabawar zama lauya, kuma shi ya zo na ɗaya. Digiri ya biyo baya a 1974.

Ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni su lura da yadda abin yake yau. Digirin shekara huɗu ne, sannan jarrabawar gwamnati mai zango biyu: na farko na zaɓen amsa, na biyu na rubutu, kuma da Sinanci ake yin su. Wanda ya haye sai ya yi horon wata shida kafin a ba shi lasisi. Ga baƙo, harshen ne babban shinge, domin Sinancin kotu daban yake da na kasuwa.

Chen ya fara da shari'ar jiragen ruwa, wato inshora da diyyar kayan da suka lalace a teku, yana samun kuɗinsa lafiya lau. Sai ranar 10 ga Disamba 1979, gangamin da mujallar 'yan adawa ta Formosa ta shirya a birnin Kaohsiung ya rikiɗe arangama da 'yan sanda. Tsibirin na ƙarƙashin dokar soja tun 1949. A Maris 1980 aka gurfanar da jagorori takwas a kotun soja bisa zargin tada zaune tsaye, lauyoyi 15 suka tsaya musu. Wanda Chen ya kare shi ne Huang ɗin nan da ya ji jawabinsa shekara goma baya. Sun faɗi shari'ar: Huang ya sha ɗaurin shekara 14, wani jagoran, Shih Ming-teh, na rai da rai. Amma an bar 'yan jarida sun shiga, jaridu suka buga muhawarar, jama'a suka karanta hujjojin 'yan adawa da idonsu. Daga wannan ɗaki aka sami Frank Hsieh da Su Tseng-chang, lauyoyin da suka zama firaminista daga baya, da Annette Lu, wadda aka ɗaure, ta kuma zama mataimakiyar shugaban ƙasa a mulkin Chen.

A 1981 ya ci kansila a Taipei. A 1985 ya nemi shugabancin yankin Tainan ya faɗi, kwanaki kaɗan bayan haka mota ta buge matarsa Wu Shu-chen, ta nakasa daga ƙugu zuwa ƙasa. A 1986 aka ɗaure shi wata takwas kan ƙarar ɓata suna da aka kai mujallarsu. Shekarar aka kafa DPP, a Yuli 1987 aka ɗage dokar soja.

A 1989 ya ci kujerar majalisar dokoki, kuma nan ne wurin da nake so mu tsaya. Majalisar da ya shiga cike take da dattawan da aka zaɓa a babban yankin Sin tun 1948, ba a sake zaɓensu ba fiye da shekara 40. Wani ɓangare na kujerun ne kawai ake yi wa zaɓe. Kotun tsarin mulki ta yanke a 1990 cewa su sauka kafin ƙarshen 1991, aka yi cikakken zaɓe na farko a Disamba 1992. Ɗan adawa a irin wannan zaure ba shi da rinjayen ƙuri'a, takarda ce makaminsa. Chen ya shiga kwamitin tsaro, yana tsare hafsoshi da tambayoyi kan kasafi da kwangilolin sayen makamai, kamar yadda lauya ke tsare shaida. Wannan ya kai shi kujerar magajin garin Taipei a 1994.

Ya rasa Taipei ga Ma Ying-jeou na KMT a 1998, ya ci shugabancin ƙasa a 2000 da kashi 39 cikin 100, saboda KMT ta dare gida biyu. Tun daga nan aikin ya fara cijewa. Shekara takwas ya yi ba tare da rinjaye a majalisa ba. Ya dakatar da ginin tashar nukiliya ta huɗu a Oktoba 2000, dole ya janye a Fabrairu 2001. Kasafin makamai ya yi ta maƙalewa. 'Yan'uwanmu na Chadi za su tuna a zamaninsa ne, a Agusta 2006, N'Djamena ta yanke hulɗa da Taipei ta koma Beijing. A zamaninsa kuma, a 2005, aka gyara tsarin mulki, kujerun majalisa suka ragu daga 225 zuwa 113: 73 na mazaɓu, 34 na jerin jam'iyyun da suka kai kashi 5, rabinsu mata, 6 na 'yan asalin tsibirin.

Ƙarshen abin da ɗaci. Bayan saukarsa a 2008 ya amsa cewa matarsa ta tura rarar kuɗin kamfe zuwa ƙasashen waje. An kama shi a Nuwamba, a 2009 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ɗaukaka ƙara ta rage shi, kotun ƙoli ta tabbatar da laifin cin hanci kan cinikin fili a Longtan. A Janairu 2015 aka sake shi saboda rashin lafiya. Har yau magoya bayansa na cewa bi-ta-da-ƙulli ne, 'yan shuɗi na cewa doka ce ta yi aikinta. Idan sunansa ya taso a aji ko a shago, ku fara sauraren mai magana, ya ce A-bian ko ya kira cikakken suna, kafin ku sa baki.

Na gode. Wassalamu alaikum.