Me Ya Sa Karnukanka Ke Faɗa A Ƙofar Zaure?

Assalamu alaikum jama'a. Nan wani gida ne a ƙauye kusa da Birnin Kudu, an idar da sallar asuba, sanyin hunturu bai saki gari ba. Ga karnuka uku kwance a gindin rumbu. Tare suka kwana, babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa ko gurnani.

To ku zuba ido. Maigida ya fito ya saka takalmi, ya rataya adda, ya ɗauki gorarsa. Bai ce uffan ba, amma gidan ya kaure. Wannan yana tsalle, wancan yana fizgar igiya kamar zai tumɓuke turke. Ana kwance su sai duka ukun suka nufi zaure, kuma a bakin ƙofar nan jan karen ya cafki wuyan baƙin.

Mutane sukan ce ai ba sa shiri. Da gaba ce a tsakaninsu, da tun cikin dare sun yi ta. Zumuɗi ne ya cika musu ciki ya rasa hanyar fita. Karen da ya ɗau zafi haka, duk abin da ya goge shi sai ya kai masa baki, ɗan'uwansa ne, akuya ce, ko ƙafar yaro. Ƙofar zaure kuwa da ƙyar take ɗaukar mutum da kaya a ka, balle karnuka uku a guje.

Wa ya koya musu? Kai ne, maigida. Kare gwanin lura ne. Ya haddace cewa takalmi, adda, gora, sai daji. Hausawa na cewa in ka ga kare yana sunsuna takalmi ɗauka zai yi, shi kuma in ya ga ka saka takalmi ya san fita za a yi. Ranar da ya yi ihu ka yi sauri ka kwance shi don ka huta, ka faɗa masa ke nan cewa ihu ne ke kwance igiya. Gobe zai ƙara murya.

Gyaran daga nan yake farawa. Da rana, lokacin da ba ka da niyyar zuwa ko'ina, ɗauki gorar, zagaya tsakar gida, ajiye ta, ka zauna ka sha furarka. Yi haka sau da yawa a yini. Mutanen gida za su yi maka dariya, bar su. A hankali gora za ta daina zama shelar fita.

Ranar fita ta gaske, kada ka kwance su tare. Tsaya a gaban wanda ya fi natsuwa. Ya yi tsalle, ja da baya, rufe bakinka. Ƙafafunsa huɗu sun zauna a ƙasa, sai ka kai hannu kan igiya. Ya sake zabura, ka sake janyewa. Ranar farko abin zai ci maka lokaci har ka ji kamar ka fasa, don haka kada ka fara a ranar da 'yan farauta ke jiranka a bakin gari. Fitar da shi shi kaɗai, ka damƙa wa babban ɗanka a waje, ka dawo ka ɗauko na biyu. Mai rawar kan nan shi ne na ƙarshe. Ku yi tafiya da su a igiya, mutum a tsakani, har ku wuce gidaje da garken awaki, sannan a sake su inda fili yake.

Tsawa ba ta aiki a nan. Kai kana ganin kwaɓa kake yi, shi yana jin ka shigo cikin haushin ne.

Akwai abin da ke zuwa kafin cizo, kuma yawanci ba haushi ba ne. Shiru ne. Kare ya sandare, ya ƙura wa ɗan'uwansa ido, gashin bayansa ya tashi, ya ɗora haɓa a kafaɗarsa. Kaɗa bindi ma ba kullum murna ba ce, in ya ɗaga shi sama ya ƙage, a yi hattara. Da ka ga haka, kira ɗaya da sunansa ka juya da shi.

Idan sun riga sun kacame, kada ka sa hannu, ko karen da ka rena tun yana kwikwiyo ne. Watsa musu bokitin ruwa, ko ka zura faifan katako ko tsohuwar tabarma a tsakani. Yara kuma su ba da wuri.

Wani lokacin ba ƙofar ba ce. Karya takan nemi barbara kamar sau 2 a shekara, na tsawon mako 2 zuwa 3, kuma a kwanakin nan maza ba sa jin kira. A bar ta a gida. Haka ƙanzo da ƙashi, kowa da kaskonsa, nesa da juna. Karen da bai saba faɗa ba ya fara kwatsam, a duba ƙaya a ƙafa, kaska a kunne, ko ciwo a jiki.

Cizo kuwa ba a wasa da shi, saboda ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. A kai karnuka wurin likitan dabbobi a yi musu allurar rigakafi duk shekara. Wanda haƙori ya taɓa, ko na karen gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar, kada a ce sai an dawo daga daji.