Rufe ƙasar lambu a Sakkwato: da me za a rufe, kuma kauri nawa?

Assalamu alaikum jama'a, Sakkwatawa na gida da na waje, barkanmu da war haka. Yau daga wani ɗan lambu nake magana a nan Ingila. Bari in matso da kyamara ku ga gindin wannan itacen. Kun ga ba a ganin ƙasa ko kaɗan, ɓawon itace ne aka farfasa aka shimfiɗa. Masu lambu a nan suna ce masa malc, kuma a buhu ake sayar da shi. Ga shi na tura hannu ƙarƙashi: saman a bushe yake, amma ƙasar da ke ƙasa da laima, har tana manne wa yatsa.

Su nan sun fi yin haka don hana ciyawa fitowa da kuma ado. Mu a Sakkwato maganar ruwa ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ƙasar yawancin gidajenmu kuma jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Ka yi ban-ruwa da asuba, kafin azahar saman ya bushe ƙurmus, saiwoyin da ke kusa da sama sun soyu. Mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa a Mabera ko Arkilla ya san abin da nake faɗa. Shimfiɗar nan tana tare rana, tana tare iska, sai ruwan ya daɗe a inda saiwa take. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu: manoman albasa a fadama sun daɗe suna lulluɓe bedin iri da ciyawa bayan sun yafa, su yaye ta idan ya tsiro.

To, da me za a rufe? Kada wanda ya ɗauki kuɗinsa ya tafi neman irin wannan ɓawon na buhu. Abin da muke da shi ya isa.

A ganina babu kamar busasshen ganye da ɓawon gyaɗa. Ganyen dogon yaro da na mangwaro da ake sharewa kullum a ƙone, shi ne kayan aikin. Sai dai a tsince 'ya'yan dogon yaro, in ba haka ba damina na sauka za su tsiro ko'ina. Ganyen mangwaro kuma a murtsuke shi, don idan ya kwanta da faɗinsa yakan haɗe ya zama kamar tabarma, ruwa ya riƙa gangarewa ta kansa. Ɓawon gyaɗa ba ya haɗewa, ruwa na ratsa shi, kuma yana da kyan gani a gindin fulawa.

Karan gero da na dawa suna da kyau a gindin bishiya, amma a sassare su da adda, kowane yanki kamar tsawon tafin hannu. Dogon kara yana barin rata, rana na shiga.

Ɓuntun shinkafa fa? Yana da araha a wurin masu injin casa, kuma ba ya saurin ruɓewa. Matsalarsa rashin nauyi. Iskar hunturu ta kwana ɗaya sai ta kwashe shi ta zuba maka a ƙofar ɗaki. A jiƙa shi sosai bayan an shimfiɗa, a ɗora kara ko ɗan takin da ya ruɓe a kansa.

Garin katako na wurin 'yan katako kuwa yana buƙatar hankali. Idan ya cakuɗu da ƙasa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin naitirojin, wato abin da ake sa yuriya dominsa, sai ka ga tsofaffin ganyen shuka sun koma rawaya, girma ya tsaya. Idan kuma ya bushe yakan yi ɓawo ya ƙi shan ruwa. In shi kaɗai gare ka, zuba taki tukuna, ka ɗora shi a sama siriri, kada ka kafce shi cikin ƙasa. Wanda ya fito daga katakon da aka yi wa fenti ko magani, a bar shi.

Ciyawar daji a duba ta da kyau. Idan ta riga ta yi 'ya'ya, to ka shuka ƙarangiya da hannunka a tsakar gida. Wadda aka yi wa feshin maganin ciyawa ma ba ta shiga lambu. Tsakuwa da baƙar leda kuma, waɗanda ake gani a hotunan gidajen Turai, ban ba da shawararsu a bazarar Sakkwato ba. Suna ɗaukar zafi su riƙe shi har dare, ƙaramar shuka ba ta jurewa.

Yanzu yadda ake sa shi. Da farko a cire ciyawa har saiwa. A ɗan sassauta saman ƙasa da fartanya, a zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe, kaurin yatsa ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Sannan a yi ban-ruwa har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Idan ka rufe busasshiyar ƙasa, ruwan da za ka yayyafa daga baya shimfiɗar ce za ta shanye shi, saiwa na can da ƙishirwa.

Kauri: santimita 5 zuwa 7, wato yatsu uku zuwa huɗu a jere. Ga shi ina aunawa ku gani. Kara, da yake yana da rata, zai iya kai santimita 10. Garin katako kada ya wuce 2 ko 3. In ya yi siriri ciyawa za ta huda shi, in ya yi kauri da yawa iska ba ta isa ga saiwa.

Lissafin ba wuya. Fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, a kaurin santimita 5 yana cin lita 50, wato bokitin fenti mai lita 20 biyu da rabi. Bedi mai mita 3 da faɗin mita 1 zai ci bokiti bakwai da rabi. Matashin mangwaro ko lemu, idan ka kewaye shi mita ɗaya ta kowane gefe a kaurin santimita 7, ka tanadi bokiti 11.

Ku dubi nan kuma, wannan ne ya fi damuna. Kun ga yadda na ja shimfiɗar baya daga jikin itacen? Dole a bar rata: faɗin tafin hannu ga bishiya, yatsu biyu ga tumatir da attarugu. Mutane na tula shi a jikin itace kamar tsibin doya. Ɓawon jikin itace mai rai ba a yi shi don ya zauna cikin laima ba. Zai ruɓe, ƙwari su samu ƙofa, wata rana ka ga gwaiba ta bushe alhali kullum ana ba ta ruwa.

Na san tambayar da ke bakinku: gara. Gaskiya ne, za ta zo, musamman wa kara. A fili ba lallai ta zama abokiyar gaba ba. Manoman Tawa a Nijar da na Burkina Faso, masu haƙa ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa ko zai, suna amfana da ita, don hanyoyin da take hudawa ne ruwa ke bi ya nutse. Amma cikin gida a yi nesa da gini. A bar aƙalla rabin mita tsakanin shimfiɗa da bango, ballantana ginin ƙasa ko inda akwai azara da ƙofar katako. Sabon dashe kuma a riƙa leƙa gindinsa duk mako. Kunama ma tana son wurin sanyi, don haka a ɗaga shimfiɗa da sanda kafin a sa hannu, a kuma gaya wa yara. Busasshen kara kada ya kusanci murhu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, tun ƙasa na da sauran laima, sai a ƙara a Fabrairu kafin zafi ya kankama. A Agusta, idan ruwa ya yi yawa, a rage kaurin a gindin tumatir da barkono don kada su ruɓe. Irin da aka yafa, kamar alayyafo, a jira ya kai tsawon yatsa kafin a kewaye shi.

Ban-ruwa kuma ya canza bayan an rufe. Kada ka bi tsohon lissafinka. Buɗe shimfiɗar, tura yatsa har gaɓa ta biyu: in da laima, bari sai gobe. In a bushe yake, zuba ruwan a hankali a gindi, ka mayar da shimfiɗar yadda take. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutanen gida.