Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Masana'antu

Assalamu alaikum.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, lale marhabin. Shugabannin kamfanoni, malamanmu da masu koyon sana'a, barkanku da zuwa. Mun ji daɗi da ka leƙa ɗakin walda da na injina kafin ka zauna, domin abin da za mu roƙa ka riga ka gan shi da idonka.

Hukumomin horar da ma'aikata irin tamu galibi da harajin horo suke rayuwa, wato kason da ake karɓa daga kamfanoni gwargwadon albashin da suke biya. A kan wannan tsari Brazil ta kafa hukumarta ta koyar da sana'o'in masana'antu, SENAI, a 1942, Birtaniya ta yi dokar horar da ma'aikatan masana'antu a 1964, Najeriya kuma ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, a 1971. Tsari ne mai kyau, amma yana da rauni. Duk shekarar da masana'antu suka rage ma'aikata, harajin ma raguwa yake yi, alhali a lokacin ne waɗanda aka sallama suka fi bukatar koyon sabon aiki. A nan ne ya kamata tallafin gwamnati ya shigo, ya zo kan kari, kuma a san adadinsa tun farkon shekara, don kada malami ya buɗe aji bai san ko zai kai shi ƙarshe ba.

Sai batun mujallarmu, wadda ita ake fara sokewa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Ranka ya daɗe, wannan yana mana ciwo. A cikinta mai ƙaramin kamfani yake ganin ranar buɗe kwas, da yadda zai nemi a mayar masa da wani kaso na harajinsa idan ya horar da yaransa, da gargaɗi kan hatsarin injina. Wanda aka karɓi kuɗinsa yana da haƙƙin sanin inda suka tafi. Muna roƙo a ware mata kuɗinta daban a kasafi, a kuma bar ta ta faɗi gaskiya, har kwas ɗin da bai samar wa kowa aiki ba ta buga shi. Idan da hotunan manya kaɗai za ta cika, ba ta cancanci kuɗin jama'a ba.

Ga fitowarta ta baya-bayan nan a gabanka. Bismillah, ranka ya daɗe, muna sauraron jawabinka.