Tiyatar Sassauta Ƙafa: Wane Yaro Take Yi Wa Amfani?

Laccar da wani likitan ƙashin yara ya yi wa iyaye Hausawa mazauna Jidda, kamar yadda aka kwafo ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata da ke can baya, idan muryata ba ta isa gare ku ba, a ɗaga mini hannu. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan: mece ce lalurar, me ke sa ƙafa ta ƙandare, irin tiyatar da ake yi, da abin da ke biyo bayanta.

Na farko zan wuce shi da sauri, domin da shi kuke kwana kuke tashi. Abin da takardar asibiti ke kira shalal dimagi da Larabci, wato shanyewar jiki saboda raunin ƙwaƙwalwa, wanda a gida wasu ke cusawa cikin galahanga tare da lalurorin da ba su haɗa hanya da shi ba, rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya: a ciki, ko wurin haihuwa, ko a farkon rayuwa. Haihuwar bakwaini na kawo shi, haka doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau. Yana samun yaro 2 zuwa 3 cikin kowane 1000, kuma wajen 8 cikin 10 irin mai ƙandarewa gare su. Daban yake da shan inna, domin ita sakin ƙafa take yi ta yi laƙwas. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, amma ƙashi yana tsawo tsoka ba ta bin sa, shi ya sa uwa take ganin kamar ciwon gaba yake ci.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin a nan Hausarmu take yi mana ƙafar ungulu. Kalma ɗaya gare mu, jijiya, amma abu uku muke nufi da ita. Wadda ake huda a ɗebi jini jijiya ce. Agara, wannan igiya da ke bayan dunduniya, wadda mai fawa ke rataye dabba da ita, jijiya ce. Farin zaren nan da ke fita daga laka yana kai saƙo, wanda Larabawa ke kira asab, shi ma jijiya ne. Sau da yawa uba yakan zo ya ce mini, "Daktur, an ce za a yanke wa yaro jijiya," in tambaye shi wacce, sai ya dube ni kamar ni ne ban iya Hausa ba. (Dariya.) Alhali tiyata biyu ce daban, likitoci biyu daban suke yin su, ta asab a gadon baya, ta agara a ƙafa.

Kun ga lokacin da likita ya buga wa gwiwa ƙaramar guduma, ƙafa ta zabura ba tare da kun umarce ta ba? Saƙo ne ya tashi daga tsoka ya shiga laka, laka ta mayar da amsa nan take ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. A jikin mai lafiya ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzamin wannan zabura. A jikin yaranmu linzamin ya saki, doki yana ta sukuwa, sai tsoka ta ɗaure dare da rana: dunduniya ba ta taɓa ƙasa, cinyoyi su haɗe kamar almakashi. Ku gwada a gida. Ku tanƙwara ƙafar da sauri, za ta cije. Ku bi ta a hankali, za ta ba da kai. Wannan ita ce ƙandarewa. Idan kuwa ko a hankali ba ta miƙewa, ko yaro yana cikin allurar barci, to tsokar ce ta riga ta gajarce, kuma yankan asab ba zai ƙara mata tsawo ba.

To, tunda ba mu iya gyara linzamin ba, sai likitoci suka ce a rage saƙon da ke zuga dokin. Tunanin ya daɗe. A 1898 Sherrington a Ingila ya nuna cewa kyanwar da jikinta ya sandare tana sassautawa idan aka yanke saiwar jijiyar da ke shigar da saƙo cikin laka. Bajamushe Otfrid Foerster, wanda daga baya ya yi jinyar Lenin na Rasha, ya gwada a jikin mutane, har ya ba da rahoton mutum 159 a 1913. Ƙandarewa ta tafi, amma da yake saiwa sukutum yake yankewa, ji ma ya tafi, mutum ba ya sanin inda ƙafarsa take. Aka ajiye aikin shekaru da yawa. A 1978 Fasano a birnin Turin na Italiya ya zo da dabarar tsefe saiwar sili-sili, kamar yadda ake tsefe kitso, a taɓa kowane sili da 'yar wutar lantarki, wanda ya sa tsoka ta haukace a yanke shi, mai ladabi a ƙyale shi. Sannan, kuma wannan yana yi mini daɗin faɗa, a nahiyarmu aka gyara aikin ya zama yadda duniya ta karɓe shi: Warwick Peacock a Cape Town, Afirka ta Kudu, a farkon shekarun 1980, ya sauko da wurin yankan zuwa ƙasan gadon baya, inda ake iya tantance jijiyar mafitsara a kauce mata. Sunan aikin rizotomi. Ba a taɓa jijiyar da ke motsa ƙafa, ta ji kawai ake ragewa, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Ga maganar da na zo dominta, idan kun manta komai ku riƙe ta. Tiyatar nan ƙandarewa take cirewa, ba ta zuba ƙarfi. A ƙarƙashin wannan tauri, tsokar yaron mai rauni ce. Akwai yaron da taurin nan shi ne sandarsa: da shi yake tsayuwa, da shi yake taimakon uwarsa idan za ta ɗauke shi daga gado zuwa kujera. Ka cire masa, ka karɓe sandar makaho a tsakiyar kasuwa. Akwai kuma yaron da yake da ƙarfi a ɓoye, taurin ne ya ɗaure shi kamar dabaibayi, kana kwancewa sai tafiya ta gyaru. Duk gwanintar likita tana wajen rarrabe waɗannan biyu. Na maimaita: tana cire tauri, ba ta ba da ƙarfi.

Shi ya sa ake amfani da wani ma'aunin iya motsin yaro mai mataki biyar da aka fitar a Kanada a 1997. Na mataki na ɗaya yana tafiya abinsa, na biyu yana tafiya amma matakala da doguwar hanya suna ba shi wuya, na uku sai da mashshaya, wato abin dafawar nan da ake turawa, ko sanduna, na huɗu da na biyar keke. Lokacin da hukumar lafiya ta Ingila ta amince ta riƙa biyan kuɗin aikin a 2018, ta kebe shi ga 'yan shekara 3 zuwa 9 da ke mataki na biyu da na uku. Wanda ya fi dacewa shi ne bakwainin da ƙafafunsa biyu suka ƙandare, yana da ƙarfin tashi daga tsugune, kuma yana jin magana zai yi atisaye. Yaron da jikinsa ke murɗewa da kansa, irin wanda shawara takan bari, aikin nan ba nasa ba ne.

Nawa ne ribar? An yi gwaji uku a Vancouver da Toronto da Seattle a 1997 da 1998, aka raba yara kashi biyu, wasu tiyata da gashi, wato atisayen motsa gaɓɓai, wasu gashi zalla. Ƙandarewa ta ragu a duka ukun. Amma a Seattle, inda suka fi yanke kaɗan, ba a ga bambanci a iya motsi ba. Da aka haɗa yara 90 na gwaje-gwajen uku a 2002, ribar ta tsaya wajen maki 4 a ma'aunin iya motsi mai maki 100. Riba ce ta gaske, amma ba irin ta bidiyon WhatsApp ba ce, inda yaro zai shiga a keke ya fito da gudu. Binciken da ya bi yara shekara 10 da fiye a Suwidin ya nuna taurin bai dawo yadda yake ba, amma da yawansu sai da aka yi musu aikin ƙashi ko na agara daga baya.

Batu na uku, ko na huɗu muke ne? Takardar ta ruɗa ni. Aikin agara, wanda shi ne sana'ata, sai in gaggauta. William Little, wanda ya bayyana lalurar a Landan a 1861, shi kansa mai karkatacciyar ƙafa ne da aka yanka wa agara a Jamus a 1836. Gargaɗina ɗaya ne: idan aka ƙara wa agara tsawo fiye da kima a yaro ƙarami mai ƙafa biyu a ƙandare, zai bar sanɗa ya koma tafiya a durƙushe, wadda ta fi wuyar gyara. A da ana yin gaɓa ɗaya bana, wata baɗi, har wani likitan Toronto, Mercer Rang, ya yi ba'a cewa yaro duk shekara a cikin filasta yake bikin haihuwarsa. Yanzu ana jira tafiya ta zauna, a gyara duka a zama ɗaya. Allurar Botox mai sassauta tsoka kuwa wata 3 zuwa 6 take yi ta sake. Bayan kowace tiyata akwai ilaj tabi'i, wato gashi, sau da yawa a mako, shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda zai tara riyal ya kai yaro waje, ya fara tambayar kansa wa zai yi wannan idan sun dawo.

Akwai hannu a baya. Bismillah, Hajiya.

(Wata dattijuwa: Daktur, Allah ya ƙara basira. Jikata shekararta bakwai, ba ta zama da kanta. Ba tafiya nake nema mata ba. Kuka take idan za mu yi mata tsarki, cinyoyin ba sa buɗuwa.)

Allah ya ba ki ladan jinya, Hajiya, kuma kin tuna mini abin da ya kamata in fara da shi. Kafin a yi maganar sassauta ta, a ɗauki hoton ƙugunta. Yaron da ba ya tafiya, tsokar cikin cinya tana jan kan ƙashin a hankali har ya fita daga gurbinsa, ba tare da faɗuwa ba, kuma kukan da kike ji yana iya zama daga nan. A Suwidin sun fara ɗaukar hoton ƙugu a kai a kai tun 1994, gocewar ta sauko daga kashi 8 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, domin idan aka gani da wuri ƙaramin aiki ya isa. Idan ƙugun lafiya yake, akwai maganin baklofen na sha mai sassauta tsoka, akwai allura a cikin cinya, akwai kuma ɗan famfo da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki yana ɗiga maganin kusa da laka. Sai dai famfon yana buƙatar a riƙa cika shi a kan lokaci, kuma yankewarsa farat ɗaya haɗari ne ga rai, don haka wanda zamansa a ƙasar nan bai tabbata ba, ko yake tunanin komawa gida, ya faɗa wa likita tun kafin a dasa. An taɓa yi mata hoton ƙugu? Tun tana shekara uku? To, Hajiya, wancan ya tsufa. A yi sabo a makon nan, tana kwance rigingine ƙafafu a miƙe, ki haɗa da tsohon ki kai wa likitan ƙashin yara ya gwada su gefe da gefe.