Farfesa Akaho da Ƙaramin Injin Nukiliya na Kwabenya

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya saba hawa tiro-tiro daga unguwar Madina a birnin Accra ya bi ta Haatso, ya ji yaron mota yana kiran "Atomic, Atomic". Idan ka bi hanyar har Kwabenya, za ka tarar da harabar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana. A cikinta akwai injin nukiliya na bincike da yake aiki tun ƙarshen 1994, kuma ɗaya daga cikin masanan da suka raine shi shi ne Farfesa Edward Akaho.

Tun a 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin wannan wuri, da niyyar kafa injin da Tarayyar Sobiyat za ta kawo. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin cak. Sai bayan kusan shekara 30 aka samu wani ƙaramin inji daga ƙasar Sin, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, wato IAEA. Sunansa GHARR-1, ƙarfinsa kilowat 30 kacal, kuma ba ya ba kowa wutar lantarki.

Ku dubi cikinsa. Zuciyar injin, inda makamashin yake, girmanta bai wuce na ƙaramin bokiti ba. Siraran sanduna ne na yuraniyom sama da 300, an jera su a cikin ruwa, an kewaye su da wani ƙarfe mai suna beriliyom da yake mayar da ƙwayoyin nituron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fasa yuraniyom har zafi ya fito, ciki idan sun nufi waje. A tsakiya akwai sanda guda ɗaya tak da ake sarrafa wutar da ita: a ɗaga ta, wuta ta ƙaru, a sauke ta, wuta ta mutu. Babu famfon da ke tura ruwan sanyaya. Ruwan da ya yi zafi shi ke tashi sama da kansa, mai sanyi ya shigo ta ƙasa. Idan zafin ya yi yawa, ruwan ya kan rage kauri, sai wutar ta ja baya ba tare da an taɓa komai ba.

To a nan aikin Akaho yake. Faɗin cewa inji yana kare kansa abu ne mai sauƙi, amma wa zai tabbatar da lissafi? Bincikensa ya fi karkata ga yadda zafi ke fita daga sandunan zuwa ruwa, da yadda nituron ke yawo a cikin zuciyar injin, da abin da zai faru idan an zare sandar sarrafawar nan gaba ɗaya. Ana lissafawa a kwamfuta, a zo a gwada a kan injin, a ga ko alƙaluma sun dace. Aiki ne na haƙuri, ba ya shiga labaran rediyo, amma da shi ake samun izinin kunna inji a gefen birni mai miliyoyin mutane. Af, gobarar da ta tashi a Atomic Junction a 2017 ta gidan sayar da gas ce, ba ta da alaƙa da wannan inji ko kaɗan.

Daga baya Akaho ya zama babban darakta na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana. A 2006 hukumar ta haɗa kai da Jami'ar Gana da ke Legon, aka buɗe makarantar digiri na biyu da na uku kan ilimin nukiliya, wadda ake kira SNAS. A ganina nan ne tasirinsa ya fi zurfi. Idan ka duba takardun bincike kan GHARR-1, za ka ga sunansa jere da sunayen matasan da suka yi karatu a wurin, kuma ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka suna zuwa.

Amfanin wannan reno ya fito fili a 2017. Makamashin farko na injin yuraniyom ne da aka tace har kusan kashi 90 cikin ɗari, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa hannun ɓata-gari. A shekarar aka cire shi aka mayar ƙasar Sin, aka sa wanda bai wuce kashi 13 ba. Gana ce ta fara yin haka da irin wannan inji a wajen Sin. 'Yan'uwanmu na Zariya suna da irinsa a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, kuma ma'aikatansu sun zo Kwabenya sun yi atisaye kafin su canza nasu a 2018.

Har yau ana sa samfurin ƙasa, ko ruwa, ko abinci a ɗan kwalin roba, iska ta harba shi cikin injin ta bututu, ya dawo a auna sinadaran da ke cikinsa, har da masu guba irin na wuraren haƙar zinare. Ɗan unguwar Nima ko Mamobi da ya karanta fiziks, ko lissafi, ko injiniya, yana iya neman gurbi a SNAS ya koyi wannan aiki, musamman yanzu da Gana ke shirin gina tashar wutar lantarki ta nukiliya kuma tana bukatar masu iya gudanar da ita.