Hoton Bayan Ido da Mai Ciwon Suga

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai duba ɓarnar da ciwon suga ke yi wa ido a ɓoye, da yadda ake gano ta.

A can ƙuryar ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira ritina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Idan suga ya daɗe yana sama, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sai su raunana, wasu su riƙa yoyo, wasu su toshe. Daga nan ido ya fara tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, masu saurin fashewa. Duk wannan na iya ɗaukar shekaru mutum na karatunsa garau, ba zafi, ba ja. Ranar da ya fara ganin baƙaƙen ɗigo na yawo a gabansa, ɓarna ta yi nisa.

Ana gano ɓarnar da wuri ne ta ɗaukar hoton bayan ido, wato wannan tantani, kuma ɗaukar hoton ba ta da wuya. Ana ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido, a jira minti 20 zuwa 30, mutum ya ɗora haɓarsa a kan na'ura, haske ya walƙa, a ɗauki hoto biyu a kowane ido. Gani kan yi dishi-dishi na awa 4 zuwa 6, saboda haka a zo da ɗan rakiya, kada a tuƙa babur ko mota. Abin da ya fi ɓata hoto shi ne yanar ido, domin tana tare haske; sai ƙura a gilashin na'ura, wadda kan fito kamar tabon cuta, kuma mun san ƙurar hunturu a Gombe.

Bincike ya ci gaba ƙwarai. A 1991 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da na'urar OCT, mai nuna kaurin tantanin hawa-hawa, har ta gano ruwan da ya taru a tsakiyarsa, wurin da muke karatu da gane fuska da shi. A 2018 kuma hukumomin Amurka suka amince da wata manhajar kwamfuta da ke duba hoton bayan ido ta faɗi wanda ya kamata ya ga likitan ido.

Magani akwai. Ƙona gefen tantanin da hasken leza na rage haɗarin mummunar makanta da kusan rabi. Kumburin tsakiya kuwa allura ake yi masa cikin ido bayan an kashe zafi, irin su Avastin da Lucentis, galibi wata-wata da farko. Nan ne mutane ke yin sake: a yi ɗaya, gani ya ɗan washe, ko kuɗi su yanke, a daina zuwa, ruwan ya dawo. Hoton da ba a bi bayansa ba asarar kuɗin mota ce kawai. Kuma sauya tabarau a kasuwa ba ya taɓa wannan cuta.

Wanda aka gano yana da suga a girmansa, ya nemi a duba bayan idonsa tun lokacin, sannan duk shekara. Mai suga da ta samu juna biyu a duba ta tun watannin farko. Masu sikila ma su riƙa zuwa. Ana iya farawa da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a tafi da sakamakon awon suga da na hawan jini.