Ɗaukar hoton mawaƙa a fili: darasin bikin Essakane

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'a da ɗalibai. Misalina zai fito ne daga bikin kiɗan hamada na ƙasar Mali, wanda aka fara a shekarar 2001, daga baya ya zauna a Essakane da ke yamma da Tumbutu, aka mayar da shi bakin garin Tumbutu a 2010, sannan rikicin arewacin ƙasar ya dakatar da shi bayan taron 2012. Na zaɓe shi ne domin kusan duk wahalar da mai ɗaukar hoto ke gamuwa da ita a fili ta taru a wurin.

A watan Janairu aka riƙa yin sa, tsakiyar hunturu, a kan tudun rairayi. Wanda ya kwance gilashin kyamararsa don ya canza wani alhali iska na kaɗawa, to ƙura ta shiga ke nan, kuma tabonta zai bi kowane hoto har ya koma gida. Da dare kuma sanyi yana shanye batir da wuri, shi ya sa gogaggu suke ajiye na sauyi a aljihun ciki, kusa da ɗumin jiki.

Sai batun haske. Tsakanin la'asar sakaliya da faɗuwar rana babu abin da mutum zai nema ya rasa, amma da zarar duhu ya shiga an kunna fitilun dandamali, ja da shuɗi sukan ɓata launin fata. A nan dole ne a buɗe idon kyamara sosai, kamar zuwa lamba 2.8 a ma'aunin buɗewarsa, a ɗaga ƙarfin karɓar haske, kada kuma saurin ƙiftawarta ya gaza kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, in ba haka ba hannun makaɗi zai fito kamar hayaƙi. Filasha kuwa ba na ba da shawararta, domin tana kashe yanayin wurin, tana kuma dame wa mawaƙi ido.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne cewa hoton mawaƙi da kunne ake fara ɗaukarsa. Ku dubi makaɗan jita na Abzinawa irin su Tinariwen, waɗanda sau da yawa rawani yakan rufe wa wasunsu baki da haɓa. Wanda ya zauna jiran murmushi zai kwana yana jira. Abin da ya rage masa shi ne idanu, da yatsu a kan tsirkiya, da yadda kafaɗa take sunkuyawa idan kiɗa ya yi zaƙi. Wanda ya san waƙar ya san inda jagora zai ja da baya daga makirufo ya bar wa 'yan amshi, kuma a daidai nan fuska take fita sarai.

Ku sani kuma cewa a manyan bukukuwan Turai al'adar ita ce a bar masu ɗaukar hoto a gaban dandamali na tsawon waƙoƙi uku na farko kawai, sannan a fitar da su. Saboda haka nakan ce wa ɗalibaina su saurari kiɗan mawaƙin tun a gida, su zaɓi gefen da makirufo ba zai tare masa baki ba, su kuma toshe kunnuwansu da abin kariya, tunda a gindin lasifika za su tsaya.